Tankar Kawu Babayo

Kawuna Babayo ba ya yin ƙarya lokaci guda. Kiwonta yake yi kamar yadda ake turke maraƙi, a ba shi dusa yau, a ba shi harawa gobe, har ranar da za a fito da shi mutane su rantse bijimi ne tun asali.

Yayan mahaifiyata ne. A wata ruga kusa da Gadaka aka haife shi, cikin shanu ya buɗe ido. Yana saurayi aka zo ɗibar soja lokacin yaƙin duniya na biyu, na ƙasar Bama, mai gari ya nuna shi saboda tsayinsa. Ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, har an fara raba rigunansa sai ga shi ya dawo da akwatin ƙarfe, da lamba guda ta maƙalawa a ƙirji, da wasu kalmomin Indiyanci da yake zagin akuya da su. Bai koma ruga ba. Ya zauna Potiskum, ya auri Inna Gumsu, 'yar Barebari, ya kama dillanci a kara, kasuwar shanu.

A dillanci kam ba shi da na biyu. Ba saniya yake kallo ba, mai saye yake kallo. Ya ce mai saye ba ya taɓa yabon abin da yake so. Saniyar da ya tsaya yana shafawa yana cewa tubarkalla, ba ita zai ɗauka ba. Wadda ya kalla sau ɗaya ya yamutsa fuska ya kau da kai, to ita ce ta shiga ransa, kuma can za a ja shi. Da wannan ilimi ya gina gida a Dogo Tebo, ya aurar da 'ya'ya.

Ita kuwa maganar tankar yaƙi, mahaifiyata ta ce a shekarar da ya dawo cewa ya yi ya hango ta daga kan tudu. Da aka sami 'yancin kai, ya riga ya hau bayanta. Lokacin da manyan motocin soja suka riƙa ratsa Potiskum a yaƙin basasa, shi ne direba, Bature na zaune gefensa yana roƙonsa ya rage gudu. Sunan ya bi shi. Fulanin da suka koro shanu daga nesa da sun shigo kara sai su ce a kai su wurin Babayo Tanka. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya shi ake sawa a gaba. Ko rigima ta tashi kan saniyar da ta ɓata, da ya yi gyaran murya ake shiru, don ba a jayayya da mutumin da ya take dajin Bama da ƙarfe.

Mutum biyu ne a garin suka san gaskiya. Ɗaya Inna Gumsu ce, wadda ta gaya mini ranar da muke gyaran wake, ba tare da ta ɗaga kai ba. Alfadarai ya yi wa hidima. Shi ke ɗora musu kaya, shi ke sauke musu, shi ke kwana cikinsu. Na biyun shi ne Kaumi mai kanwa, Babarbare, wanda suka tafi tare suka dawo tare. Kaumi yana ɗingishi, kuma duk gari sun san harsashin Japanawa ne ya same shi a gwiwa. Inna ta ce kuku ne, alfadarar Kawu ce ta harbe shi.

Saboda haka kowa na riƙe da igiyar ɗan'uwansa. Kullum da la'asar suna zaune a zauren Kawu suna wasan Fulani da Barebari, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce kakan wannan da ƙoƙon nono aka saye shi. Sukan zagi juna kan komai, amma da zance ya doshi Bama sai kowa ya gyara zama. Kaumi ya daɗe yana son ganin ranar da tankar nan za ta faɗa rami, sai dai ba ya so a ce hannunsa ne ya tura ta.

A shekarar 1975 na dawo daga jami'a a Zariya don koyon aikin koyarwa a wata firamare da ke unguwarmu. Akwai wani malami a can, Malam Oche, mutumin Binuwai, mai son aikin hannu. Ya ƙudurta cewa ranar da iyaye za su zo makaranta zai nuna musu yaƙin Bama a kan tebur, da yashi da itatuwa da kogi da sojoji, tunda kakannin yaran da yawa sun je. Ya tafi Jos ya dawo da kwalaye uku. Cikin kowanne akwai gutsattsarin roba da ake haɗawa da gam su zama 'yar ƙaramar tanka, a bayan kwalin kuma ga hotonta. Ɗaya ta Jamus ce, ɗaya ta Rasha, ɗaya ta Amirka. Ta Ingila ta ƙare a kantin. Mai kantin abokinsa ne, ya yarda ya ɗauki guda ya mayar da biyu muddin bai buɗe su ba.

Malam Oche mutum ne da ba ya son a yi abu bisa ka. Ya ce ba zai sa tankar da ba ta taka Bama ba a gaban mutanen da suka taka. Ya tambaye ni ko gaskiya ne direban tanka kawuna ne. Na ce kawuna ne. Sauran tambayar ban amsa ba, shi kuma bai lura ba.

Labari ya riga shi isa zauren. Ranar da ya zo da kwalayen ɗaure bayan keke, ya tarar da mahauta biyu, da tela, da ladan, da wasu da ba su taɓa zama a nan ba. Ni da Inna muna daga cikin gida, bayan asabari, inda ake ganin komai ba a ganin mutum. Kawu ya sa babbar riga ya maƙala lambarsa. Na lura hularsa ta ɗan karkace, abin da ban taɓa gani ba.

Kaumi ne ya zo a ƙarshe, yana jan ƙafa, yana murmushi. Bayansa kuma ga Basiru.

Basiru mijin Hansatu ne, 'yar Kawu ta biyu. Kofur ne a rundunar motoci masu sulke a Kaduna, ya zo hutu. A ɗakin karatunsu na bariki hotunan tankokin duniya ne manne a bango, kuma wani tsohon saje da ya yi Bama ne ya koyar da su. In akwai mai iya raba gardamar nan a Potiskum, shi ne. Kaumi ya tare shi a hanya ya ce surukinsa na kiransa.

Tun daga bakin titi Basiru ya tuɓe takalma. Ya shigo a sunkuye, ya durƙusa can jikin bango kusa da randa, ya gaida Kawu da muryar da ko kaza ba za ta firgita ba. Tunda ya auri Hansatu bai taɓa cin abinci gaban Kawu ba, bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, in ya hango shi a hanya lungu yake shigewa.

Kaumi ya zauna ya miƙe ƙafar. Ya ce, “Na ce bari in kawo maka yaro ya ga yadda manya suke aiki. Ka san na yanzu sai karatu.”

Kawu ya ce, “Ka kyauta, bawana. Da ka kawo kanwa ma da mun jiƙa wa baƙo.”

Malam Oche ya jera kwalayen kan tabarma. Ya ce, “Baba, ni ban san komai ba. Kai ka shiga cikinta. Wacce ce irin taku?”

Kawu bai yi sauri ba. Ya zagaya kwalayen kamar yadda yake zagaya garke. Ya ɗauki na Rasha ya nisanta shi da ido, ya ce tozon ya yi gaba da yawa. Ya ƙwanƙwasa na Amirka ya ce wannan doguwa ce ba faɗi, irin ta ba ta jure tafiya. Ya tambayi ko ana iya buɗewa a ga haƙora. Malam Oche ya ce ba a buɗewa. Kawu ya ce to a kara ma ba a sayen saniya cikin buhu, amma tunda malami ya roƙa.

Tela ya ce, “Allah ya ja zamanin Tanka.”

Inna ta matso kunnena ta ce, “Dubi idonsa.”

Ba kwalayen yake kallo ba. Ta gefen ido yake kallon Basiru. Ya ɗora tafin hannu kan na Rasha, Basiru bai motsa ba. Ya matsar da hannun kan na Amirka. Nan Basiru ya ɗan ɗago, fuskarsa ta saki, har ya gyaɗa kai kaɗan, irin gyaɗawar da mutum ke yi bai sani ba. Hansatu ta gaya mini daga baya cewa ita ce daidai, don da irin tankokin Amirka Turawan Ingila suka yi yaƙi a can, kuma Basiru ya yi ta addu'a a zuci hannun ya tsaya nan.

Hannun bai tsaya ba. Kawu ya shekara talatin yana ganin masu saye suna gyaɗa kai ga saniyar da ba sa so. Ya wuce zuwa na Jamus, wata ƙatuwa mai faɗin kai da dogon hanci. Basiru ya kalle ta sau ɗaya, ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsamiya, ya kau da kai ga bango.

Kawu ya yi ajiyar zuciya. Ya buga kwalin da tafi ya ce, “Ga ta nan. Har na ji ƙamshin manta.”

Aka ɗauki kabbara ƙasa-ƙasa. Ladan ya matso ya leƙa hoton. Kaumi kuwa ya ga yadda wuyan Basiru ya shige cikin riga, ya gane an faɗa ramin. Ya juya a hankali.

“Kofur, kai da ka yi karatun abin. Ita ce?”

Basiru ya kafa ido kan wata tururuwa da ke ratsa tabarma.

Ya ce, “Baba ya fi ni sani.”

“Ba wanda ya fi sani na tambaye ka ba. Ita ce ko ba ita ba ce?”

“Yadda Baba ya faɗa.”

“Yaro, kai soja ne fa. Gwamnati ta ba ka igiya biyu.”

“Ba a gaban Baba ba.”

Mahautan suka yi dariya suka ce yaron nan ya sami tarbiyya. Kaumi ya buɗe baki zai ƙara, sai Kawu ya sunkuya ya dafa masa gwiwa, ya tambaye shi cikin tausayi ko ciwon na tashi da damina, ya ce shi har yau yana tuna ƙarar abin da ya same shi. Kaumi ya janye ƙafarsa ya ce da sauƙi.

Malam Oche ne kaɗai ya rage da shakka. Ya juya kwalin ya ce, “Amma Baba, wannan ta Jamus ce. Ga alamarsu a jiki.”

Kawu ya ce, “Ganima ce. Ka taɓa ganin an ƙwace saniya an kankare mata zane a ranar?”

Malam Oche ya ce lallai littafi ba ya faɗin komai. Ya ɗaure kwalayensa ya tafi yana godiya. Basiru ya fita da baya, sai da ya kai titi ya tuna takalmansa.

Da a nan abin ya tsaya, da Kawu ya mutu da sunansa.

Malam Oche ya haɗa tankar da hannunsa, ya shafe ta da koren fenti. 'Yan aji shida suka cika tebur biyu da yashi, suka kakkafa rassan dalbejiya suka zama daji, aka yi kogi da takardar da aka rina da shuni. Da ya ga fili ya yi yawa, sai ya tuna ya taɓa karanta cewa dabbobi ne suke ɗaukar kaya a wannan yaƙi. Ya sa yara suka gina alfadarai da yumɓu, masu kama da jakunan kasuwa, aka ɗaura musu kwalayen ashana da zare, aka jera su can gefen kogi inda ba za su tare wa tanka haske ba.

Ranar iyaye aka cika. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, hedimasta da rigar kwat. Aka kawo Kawu gaban teburin aka ba shi sanda ya yi bayani. Kaumi na kujerar gaba, fuskarsa kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ni ina tsaye bayan yara, aikina in hana su taɓa kogin.

Ya fara da kyau. Ya nuna inda direba ke zama, ya nuna inda Baturen ke riƙewa in an shiga gargada. Yana cikin kwatanta yadda ake tsallaka ruwa sai sandar ta bi kogin ta kai ga alfadaran. Ya tsaya.

Ya ce, “Wa ya ɗaure wannan?”

Malam Oche ya ce yara ne.

“Haka ake ɗaure kaya? Duka a gefe ɗaya? Kafin azahar bayanta ya saɓule.” Ya ajiye sandar. Ya durƙusa da babbar rigarsa, ya warware zaren da farce, ya raba kwalayen ashanar biyu, ya auna su a tafin hannu, ya sa ɗaya dama ɗaya hagu. Ya nemi ƙyalle, wata mata ta yage bakin ɗankwalin 'yarta ta miƙa. Ya shimfiɗa shi ƙarƙashin kayan, ya zaga zaren ta ƙirji, ya zaga ta ƙarƙashin wutsiya, ya ƙulla wani ƙulli da ban taɓa gani ba. Yatsunsa ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ya ce, “Kuma ba a jera su haka kai da gindi a bakin ruwa. Mai hankalin ake sawa gaba, sauran su bi. Tawa ita ce gaba kullum. Sarauniya. Ja ce, da fari a hanci.”

Daga nan bai sake kallon tanka ba. Ya faɗi yadda likitan dabbobi ya yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka abokan gaba su ji, yadda Sarauniya takan buɗe baki ta yi ta ƙoƙari ba abin da ke fita sai iska, shi kuma ya rungume wuyanta. Ya faɗi yadda ake cire musu matsattsaku da garwashin taba, da yadda ake rufe musu ido da riga in za a hau kwalekwale. Ya ce daga ranar da aka damƙa masa ita har ranar da aka karɓe ta, bai kwana nesa da ita ba, ko zazzaɓi yake. Muryarsa ta canza, ta koma irin ta mutanen ruga. Duk shekarun da na yi ina jin labarin Bama a bakinsa, ban taɓa ganin mutane sun yi shiru haka ba.

Ya ƙara da cewa, “Ba ta harbi kuma, sai wanda ya zagayo ta baya zai ɗebi hatsinta ya kai kicin. Ga Kaumi nan, ku tambaye shi.”

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya ɗago. Mutane suna kallonsa, suna kallon gwiwar Kaumi, suna kallon tankar da ke tsaye ita kaɗai tsakiyar yashi.

Ladan ya yi gyaran murya ya ce, “To Malam Babayo, in kullum kana tare da ita, tuƙin fa yaushe ake yi?”

Kawu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce, “Ran Juma'a.”

Daga ɓangaren mata aka fara. Inna Gumsu ce, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariyar ta bi layi har ta kai ga hedimasta. Kaumi ya tashi zai fita cikin fushi, ya manta wace ƙafa ce, mahauci ya ce masa, “A hankali, Baba, akwai jaki a ƙofa.” Malam Oche ya zo kusa da ni ya tambaya a hankali ko ina ganin mai kantin zai karɓi tankar da aka riga aka shafa wa fenti.

Kawu ya kwana biyu bai zauna zaure ba, ya ce mura. Kaumi ma bai fito da kanwa ba. Ranar Laraba, ranar kasuwa, Inna ta ajiye masa sandarsa da hularsa a bakin ƙofa ta ce gidan nan ba a cin mura. Ya fita da hantsi, ba lamba a ƙirji. Wanda ya ba ni labarin abin da ya faru mahaucin nan ne, kuma ya rantse bai ƙara gishiri ba.

Yana shiga kara wani ya ɗaga murya daga cikin turaku, “Babayo Alfadari.” Bai waiwaya ba. Ya ci gaba da tafiya yana duba ƙahon wata saniya da ba ruwansa da ita. Yaran mahauta suka karɓa, ya yi kamar da wani ake. Ya kai inuwarsa ya zauna, ya ba kasuwa baya.

Can sai ga wani dattijon Bafillace da sanda a kafaɗa, ya sha tafiya, yana tambayar mutane da Hausarsa mai kauri ina ne wurin Babayo Alfadari, an ce masa a bakin hanya shi zai nema. Ya tsaya bayan Kawu ya yi sallama ya kira sunan, da ladabi, don shi bai san wani ba.

Kawu bai juya kai ba, amma ya saci kallo ta ƙarƙashin hammata. Bayan dattijon bijimai ne farare, manya, masu tozo kamar tulu, sun cika hanya, dillalai uku sun riga sun taso.

Ya miƙe ya gyara hula. Ya ce, “Na'am. Kawo su nan inuwa.”